Babi na Bakwai: Kaka Ta Zo, Ciki Ya Tsufa

Cikin da ya shiga a ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, a kaka yake tsufa. Wata tara daga nan ya faɗa Nuwamba: an girbe gero, ana yankan dawa, gyaɗa na shanye a fili, wake ya bushe yana jiran roro. A karkarar ƙasar Hausa babu lokacin da hannun mace yake daraja kamar wannan. Mai gona na neman masu roro kafin dabbobi su shigo masa. Mai dammunan gero na neman masu sussuka da sheƙa. Ga tsinkar gyaɗa da ɓararta, ga casar shinkafa a fadama. Wani ya biya da kuɗi, wani da mudu, wani kuma ya bar ki ki yi kala bayan an kwashe. 'Yan makonni ne. In sun wuce, sai baɗi.

Kowane wuri da irin tasa kakar. A Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonaki, rani ne lokacin kuɗi: mata na tsinkar tumatir, suna yanka shi suna shanyawa, wasu na turara shinkafa a bakin manyan tukwane. A Dawanau mata na zaune a rumbunan 'yan kasuwa suna gyaran riɗi da zoɓo. A birni kuwa azumi ne. Mai ƙosai ta ninka ƙullunta, tela ta kwana a kan keke saboda ɗinkin salla, mai kitso da mai lalle ba sa miƙewa sai dare ya raba. A duk wuraren nan za ka ga mace da tsohon ciki, ta dafe ƙugu da hannu ɗaya tana aiki da ɗayan. In malamar asibiti ta yi mata faɗa, amsar ba ta wuce wannan: "Malama, in na zauna wa zai ba ni?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk mai son ya yi wa matar nan nasiha sai ya fara amsa ta.

Haihuwa tana da tsada ko a ina aka yi ta. Mai niyyar asibiti ana miƙa mata jerin kaya tun a wurin awo: safar hannu, auduga, ledar shimfiɗa, sabulu, maganin wanke-wanke, zannuwa. Ga kuɗin mota, naƙuda kuwa ta fi zuwa da dare, lokacin da direba ke yanke abin da ya ga dama. Wadda za ta haihu a ɗaki, kuma su ne mafi yawa a wajenmu, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kusan haihuwa 16 ne kacal cikin 100 ake yi a asibiti, ita ma ba ta tsira ba. Akwai hasafin ungozoma, akwai itacen wankan jego safe da yamma, akwai kunun kanwa da yaji, akwai 'yan rigunan jariri. Sai suna. Rago na uba ne, amma ɗinkin fitar suna da abincin 'yan barka sau da yawa a wuyan mai jego suke ƙarewa. Bayan wannan duka ga kwana arba'in da ba za ta nemi ko sisi ba, alhali zubin adashe bai tsaya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya ƙara dagulewa. Zuwa tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata.

Ba kuma sabon abu ba ne Bahaushiya ta riƙe jakarta daban da ta mijinta. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta yadda matan kulle ke juya kasuwa sukutum daga cikin gidajensu, yara na kai da komo da talla. Da wannan jaka mace ke yin biki, da ita take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, da ita take rufa wa kanta asiri ranar da maigida ya fita bai bar komai ba. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni. Saboda haka matar da ta ɗaura ɗamara a wata na takwas ba kwaɗayi ne ya fito da ita ba, ba kuma jahilci ba. Ta duba gaba ne ta ga rami, tana son ta cike shi tun da sauran ƙarfinta.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wannan aiki alheri ne gare ta. Haka tsofaffi ke faɗa, da zuciya ɗaya kuwa. "'Yar nan, tashi ki kama taɓarya," in ji uwar miji. "Zaman nan shi ke sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fitowa." A maganar akwai rabin gaskiya. Motsa jiki yana da amfani ga mai juna biyu, har Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar minti 150 a mako na motsi matsakaici ga wadda cikinta ke lafiya. Sai dai wannan shawara ce ga matar da ke wuni a kujera. Matar ƙauye da ta ɗebo ruwa, ta yi shara, ta yi surfe, ta hura wuta, ta cika minti 150 ɗinta kafin azahar ta ranar farko ta mako. Aikin kaka a kan wannan yake hawa.

A watanni ukun ƙarshe jikin mace yana aikin da ido ba ya gani. Jininta ya ƙaru da kusan rabi, zuciya na bugawa fiye da da don ta zagaya da shi. Jaririn da bai wuce kilo ɗaya ba a mako na 28, a 'yan makonnin da suka rage zai kai kilo uku ko fiye. Wato kashi biyu cikin uku na nauyinsa a wannan zango yake tara shi, kuma daga abin da uwa ta ci. Gaɓoɓin ƙugu sun saki don shirin haihuwa, nauyi ya rinjaya gaba, faɗuwa ta yi sauƙi. In ta daɗe a tsaye jini ya taru a ƙafafu. In ta yi aikin ƙarfi cikin rana, jiki ya tura jini zuwa damatsa da fata don ya huce, rabon mahaifa ya ragu. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama a kan mata ma'aikata ya nuna cewa doguwar tsayuwa, da ɗaukar kaya masu nauyi, da aikin da ya zarce sa'o'i arba'in a mako suna ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini ko ɗa marar nauyi. Ƙarin ba mai yawa ba ne ga mace mai ƙoshi da isasshen jini. Tamu matar kuwa ba haka ta shigo kaka ba. Ta fito ne daga Yuli da Agusta, watannin da rumbu ke yin ƙasa, sauro kuma ke kan ganiyarsa.

Sannan ga yadda ake biyan aikin. Kusan duk aikin kaka jinga ne: kwando kaza, buhu kaza, mudu kaza. Ba wanda ke tsaye a kanta da bulala, amma duk hutun da ta yi daga aljihunta ya fita, kuma tana ganin 'yan'uwanta marasa ciki suna cika kwando na uku ita tana na biyu. Sai ta daure. Akwai wani abu kuma da mata ba sa faɗa a gaban maza. Tsohon ciki yana danne mara, fitsari ya yi ta matsa mutum, gona kuwa fili ce fetal, babu makewayi, ga maza na kai da komo. Dabarar da ta rage mata ita ce ta rage shan ruwa. Ƙishirwa a tsohon ciki tana kawo jiri, tana tayar da ɗaurewar mara, riƙe fitsari kuma na buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara, wanda shi kansa yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka auna wannan al'amari da ma'auni a Afirka ta Yamma shi ne ƙasar Gambiya. A ƙauyen Keneba, cikin yankin Kiang ta Yamma, akwai cibiyar binciken lafiya da ta shafe shekaru da dama tana rubuta nauyin jariran da aka haifa. A can mata ne ke noman shinkafa, kuma an lura cewa duk shekara, in damina ta yi tsakiya, aiki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan, nauyin jarirai sai ya faɗi. Sai aka yi gwaji a ƙauyuka 28, aka fitar da sakamakonsa a 1997. An riƙa ba masu ciki wani biskit na gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa kullum, tun daga tsakiyar ciki. Nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136 a tsakaice, a watannin yunwa kuwa da giram 201. Haihuwar ɗa ba rai da mutuwar jarirai a kwanakin farko suka ragu ƙwarai. Abin da nake so iyayenmu mata su ji shi ne wannan: kan jariran bai ƙaru ba sai da kimanin milimita uku. Tsoron da ake yi cewa ɗa zai yi ƙato ya maƙale in uwa ta ƙoshi ta huta, ma'auni bai gaskata shi ba. Ƙaramin ɗa, wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, shi ne wanda sanyi ke kamawa, shi ke kasa jan nono, shi ake kai wa kwalba in an yi sa'a akwai ta a kusa.

A wannan yanki dai, wata likita mai suna Ana Bonell da abokan aikinta suka bi mata manoma 92 masu ciki har gonakinsu, suna auna zafin wurin da bugun zuciyar uwa da na ɗan tayi. A sakamakon da suka fitar a 2022, duk ƙarin digiri ɗaya na matsin zafi yana zuwa da ƙarin kashi 17 cikin ɗari na alamun wahala a jikin ɗan da ke ciki, wato bugun zuciyarsa ya hau ko jinin da ke isa gare shi ya ragu. Wanda ya san ranar Oktoba a gonar wake, ko ta Maris da Afrilu a lambun tumatir lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ba labarin wata duniya ake ba shi ba.

Maganin feshi ma abin tsoro ne. Tun da tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, feshi ya yawaita a lambuna, kuma ba kowa ke jiran kwanakin da aka ƙayyade kafin ya tura masu tsinka ba. Wake ma ana zuba masa guba don ajiya, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mai ciki ba ta da abin yi a gonar da aka yi wa feshi jiya, ko a ɗakin ajiyar da aka sa wa ƙwaya, kuma jarkar magani ba ta zama ta ruwan sha komai wankin da aka yi mata.

Amma a ganina babban haɗarin aikin kaka ba nauyin kwando ba ne. Shi ne yadda yake raba mace da awo, ya kuma ba kowace alamar haɗari uzuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau takwas, biyar daga ciki kuwa daga mako na 30 zuwa haihuwa suke. Ranar awo rana ce sukutum: a bi layi tun safe, a dawo bayan azahar, an kashe kuɗin mota, ba a cika kwando ko ɗaya ba. Sai ta ce sai an gama roro. A wannan tsakani ne ba a auna jininta ba, ba a duba fitsarinta ba, ba ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ba, ba a kuma gano cewa ɗan ya kwanta a gicciye ba. Hawan jinin ciki ba ya sallama. Mace na iya kai 140 bisa 90 ko fiye tana jin kanta garau. In alamu suka fara fitowa kuwa, aikin ya riga ya tanadar musu bayani. Ciwon kai mai tsanani, ai rana ce. Kumburin fuska da hannu, ai gajiya ce. Gani dishi-dishi, ai yunwa ce. Ciwon baya da ke zuwa yana tafiya, ai duƙawa ce. Ɗa ya rage motsi, ba ta ma lura ba, domin ba ta zauna ba balle ta saurare shi. Ga kunya da dauriyar da aka tarbiyyantar da ita a kai, musamman mai cikin fari. Haka ake tafiya har ranar da jijjiga za ta kayar da ita. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu, da zubar jini komai ƙanƙantarsa, da fashewar faya kafin lokaci, da zazzaɓi, dalili ne na ajiye kwando a nufi asibiti a ranar, ba gobe ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.

Doka ta san mai tsohon ciki na bukatar hutu. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaciya damar barin aiki mako shida kafin haihuwa, ya hana a sa ta aiki mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin. Ma'aikatan gwamnatin tarayya mako 16 suke samu, jihar Kaduna kuma ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019. Ba ko ɗaya daga ciki da ya isa gonar wake ko bakin kaskon ƙosai.

Mu ma muna da namu tsarin tun kafin dokar. Goyon ciki, da ake mayar da mai cikin fari gidan iyayenta in ciki ya kai wata bakwai, hutun haihuwa ne cikakke: an ɗauke mata girki da daka, an sa mata ido. Addini kuma bai bar wurin musu ba. Ci da sha da sutura da mazaunin mace a kan miji suke, aya ta shida ta Suratuɗ Ɗalaƙi ma ta wajabta ciyar da mai ciki har ta haihu ko da an rabu. An yi mata rangwamen ajiye azumi in ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro, ta rama daga baya. Abin takaici ne a ga wadda shari'a ta sauƙaƙa wa farilla tana tsaye a kan tafasasshen mai tun la'asar, da azumi a bakinta, don ta haɗa kuɗin safar hannu.

Ban ce duk maza sakaci suke yi ba. Akwai wanda ya tafi ci-rani yana turo abin da ya samu, akwai wanda damina ta ba shi baya, ba shi da ko na tuwon dare. Amma akwai da yawa da suka san farashin buhun taki da na maganin feshi, ba su taɓa tambayar abin da aka rubuta a takardar awo ba. Kaka kuwa ita ce lokacin da namiji ke da abin hannu. Buhu ɗaya da aka ware aka ce wannan na haihuwa ne, ba a taɓa shi, ya isa ya zaunar da mace a inuwa. "Malam, ga abin da aka ce mu tanada," magana ce da ya kamata a yi ta tun ciki na wata biyar, uwar miji ko yayar mai cikin ta faɗa in ita nauyi ya hana ta.

In kuwa babu makawa sai ta yi aikin, to ba duk aiki ne ɗaya ba. Ɓarar gyaɗa a zaune a gindin bishiya daban take da roro a duƙe. Gyaran riɗi da bakace daban suke da sussuka. Ta fita da sassafe ta tashi da hantsi ya ɗaga, da gorar ruwa a gefenta. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ba ta da dalilin hawa kanta, buhu ma haka. Wannan aikin samarin gida ne. Mai suya ta fitar da murhu fili saboda hayaƙi, ta samu kujera. Tela ta karɓi ɗinkin da za ta iya gamawa da rana, ta riƙa miƙewa tana taka ƙafa. Abin da aka biya ta da mudu kuma kada ya tafi kasuwa duka: wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da zogale su ne irin abin da ya ƙara wa jariran Gambiya nauyi. Masu gona da masu rumbuna su ma suna da abin yi wanda ba zai ci musu komai ba, wato su ba mai ciki aikin zaune, su kafa rumfa, su kewaye wani lungu da zana. In ciki ya shiga watansa, aikin neman kuɗi ya tsaya.

Wani lokaci ma kuɗin da take kashe kanta a kansu bai kai yadda take tsammani ba. Jihohi da dama na Arewa suna da shirin awo da haihuwa kyauta, ko da yake magani kan yanke a ce a sayo a waje. Jigawa na da shirin Haihuwa Lafiya mai kai masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka, a wasu jihohin kuma direbobin ƙungiyar NURTW ne aka horar don wannan aiki. A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da ke cikin shirin. A wurin awo ake sanin wanne ne ke aiki a kusa, a karɓi lambar direba a ajiye.

Suna kuma ana iya rage masa kaya. Raɗa suna da yanka su ne asali. Anko da ɗinki kala uku da shinkafar unguwa guda mu muka ɗora wa kanmu, kuma mata ne ke ɗora wa mata. Adashe ma yana da sassauci in an nema da wuri. Mai ciki ta samu uwar adashe ta ce, "Hajiya, a taimaka a musanya mini da wata, kwasata ta faɗo a wata na takwas." Mata sun saba yi wa junansu haka saboda biki, kuma da wuya a samu wadda za ta ƙi saboda haihuwa.